Taɓarya Uku a Kwamfutar Taubashina

Shekara biyu ke nan ina jin haushin taubashina, ɗan kawuna, kuma haushin ko ramewa bai yi ba. Dangi sun gaji da ba ni baki. Duk wanda ya zo maganarsa ɗaya ce, wai ba a fushi da abokin wasa. Ni kuwa nakan ce su tsaya su ji abin da ya yi tukuna, su kuma ji abin da ni na yi, don ba zan wanke kaina tas ba.

Ni malamin makaranta ne a nan Potiskum, kimiyya nake koyarwa. Amma abin da ke cinye mini lokaci da data shi ne haɗa sauti a kwamfuta. Ba waƙar biki nake yi ba, ba kuma kiɗan fiyanon da ake cashewa a gaban amarya ba. Nawa irin wanda in na kunna wa mutum ne sai ya ɗaga sifikar ya jijjiga, ya tambaye ni ko ruwa ne ya shige ta. Na saba. A duk garin nan ban san mutum biyar da za su saurari aikina har ƙarshe ba, cikin biyar ɗin ma biyu kara suke yi mini.

Irin manhajar da nake aiki da ita, masu sana'ar suna ce mata modula. Ba ta zuwa da kiɗa a dafe. In ka buɗe ta ƙananan akwatuna za ka gani a kan allo, kowanne da aikinsa guda. Wani yana fitar da ƙara, wani yana tace ta, wani yana buɗe mata ƙofa ya rufe, wani kuma agogo ne, aikinsa ya ce yanzu, yanzu, yanzu. Kai za ka ja waya daga bakin wannan zuwa kunnen wancan. In ba ka haɗa ba shiru za ka ji, in ka haɗa ba daidai ba ta kurma ihun da zai sa maƙwabta salati.

Lugude ne ya tura ni neman sabuwa. Lokacin da muke yara a Dogo Tebo, in za a yi biki a unguwa mahaifiyata ake fara aika wa, ita da ƙawayenta biyu. Su uku suke tsayawa a kan turmi ɗaya, taɓarya uku suna shiga suna fita ba mai karo da wata, wata ta cilla tata sama ta tafa sau biyu ta cafe, bugun bai tsinke ba. Yanzu ɗaya ta rasu, ɗayar ɗanta ya ɗauke ta zuwa wani gari, bayanta ya ranƙwafa. Inna kuma kafaɗarta ta dama ta ƙi. Kowane lungu da injin niƙa yana hayaƙi yana ihu, 'yan matan yanzu kuwa in ka haɗa su uku a turmi ɗaya sai dai a kwashi wata zuwa asibiti. Ba sauran luguden da zan je in ɗauka. Shi ya sa na ƙudura in gina taɓarya uku a cikin kwamfuta, su dinga yi da kansu, na yau daban na gobe daban, Inna kuma ta zama alƙaliya.

Sai na faɗi yadda muke da Inna, in ba haka ba sauran ba zai fito ba. Ni ne ɗanta na fari. A hannun kakarta ta wajen uwa ta tashi, wata Bafulatana mai tsananin alkunya, don haka kunyar ɗan fari a wurin Inna ba ado ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta kira ni, "kai" ne. In maganata za ta yi da wani, "wancan" ne, ko "yayan yaran nan". Ranar da na gama karatu gida ya cika da murna, ita tana can tana hura wuta kamar ba ta san me ake yi ba. Ban taɓa riƙe ta da wannan ba. Haka na taso na gani, kuma na san mai ɓoye mini tsoka a ƙarƙashin tuwo.

Manhajar farko da na zaɓa mara nauyi ce, tsohuwar laftof ɗina tana ɗaukarta ba nishi. Cikin kwana huɗu na gina taɓaren, na ɗaura su a kan agogo ɗaya, na zuba a memori na sa a 'yar sifikata na kai wa Inna da la'asar tana tsintar wake. Ta saurara ba ta ɗago ba. Da ya ƙare ta ce:

"Waɗannan ba mata ba ne. Sojoji ne suke fareti."

Na ji zafi, amma na tambaye ta bambancin. Ba ta saba dogon bayani da ni ba, sai ta kife ƙwarya ta nuna mini da hannu. Ta ce a lugude ba mai ƙirga komai, kowace ta gabanta take saurare. In hannun wata ya yi sanyi sauran su ɗan jira ta ba tare da 'yan kallo sun sani ba, in wata ta fara rawar kai a matsa mata har ta nutsu. Na roƙe ta in dinga ɗaukar bugun ƙwaryar a waya don in auna. Ta ce ƙwarya ce ai, in ɗauka.

Wato agogon ne ya kashe ni. Abin da ake bukata shi ne ta ɗaya ta tayar da ta biyu, ta biyu ta tayar da ta uku, ta uku ta dawo ta tayar da ta ɗaya, kowace tana sauri ko jinkiri gwargwadon abin da ta ji. Dole waya ta zagayo ta koma inda ta fito. Manhajar nan kuwa ta ce ba ta san zancen ba. A wurinta sauti gaba kawai yake tafiya kamar ruwan kwata. Duk sanda na ja wayar baya sai ta fito mini da jan rubutu ta tsinke ta. Na zage ta, na haɗa da wanda ya rubuta ta a can ƙasarsu mai sanyi, mutumin da ko turmi bai taɓa gani ba.

Na koma wata da ake yabo a intanet, wai ba abin da ba ta iyawa. Gaskiya ne, amma farin shafi take ba ka, ko ƙusa ba ta ba ka aro, komai sai ka ƙera da lissafi. Mako biyu na yi a kanta, takardun ɗalibai sun taru ban duba ba, abin da na samu kukan sauro ne. Na rufe ta ko sallama ban yi mata ba.

Ta ukun ce ta tafi da hankalina. Akwatunanta a jere a kan allo, wayoyi masu launi suna reto a tsakaninsu, kuma ba ta hana ka komai. Ko bakin akwati ka mayar cikin kunnensa ba ruwanta, kai da dodon kunnenka. Da na zagayo da wayar ta karɓa, taɓaren suka fara bin juna. Minti biyu na ji daɗin. Daga nan laftof ɗin ta ɗau zafi har a iya gasa masara a kanta, fankarta tana kuka, sautin ya dinga tartsatsi, sannan ta mutu. Na rage akwatuna, na ɗora ta a kan bulo biyu don ta sha iska, duk a banza.

A nan ya kamata in yi haƙuri in koma wa mai farin shafin nan, in daure mata a ɗakina inda ba mai gani. Amma na riga na ji minti biyun nan, kuma ni ba mai haƙuri ba ne. Kwamfutar da za ta iya ɗaukar ta ukun, a duk waɗanda na sani, guda ɗaya ce, tana shagon taubashina.

Shagon yana bakin babban titin da ya taho daga Kano ya wuce Maiduguri, ɗaki ɗaya da ya manne bangonsa da kwalayen ƙwai ya sa masa suna situdiyo. Waƙar biki yake yi, da ta siyasa in lokacinta ya zo, da tallar duk abin da aka kawo masa, daga sabulu har maganin ɓera. Yana da babbar kwamfuta da sola, kuma ba ya tashi daga barci sai hantsi ya dubi ludayi. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka tun muna yara bawansa yake kirana. Ya cinye mini nama a kwano, ya sa hulata ya tafi da ita, in na yi kuka a ce mini wasa ne. Da na roƙe shi ko gardama bai yi ba. Ya jefo mini makulli ya ce safiyar Asabar da ta Lahadi tawa ce, bawa ya je ya yi ta dakansa da ba gari.

Wata biyu ina zuwa da sassafe, manyan motoci suna wucewa suna girgiza ƙofa. Na gano bugun taɓarya ba ƙara ɗaya ba ce. Akwai nauyin icce a ƙasa, akwai ɓarzuwar gero a sama, kuma in garin ya fara laushi bugun ma yakan yi taushi. Kowanne na ba shi akwatinsa. Na ƙara wani da ba shi da aiki sai kawo ɗan jinkiri ba zato, na kira shi gajiya. Duk Lahadi da yamma in kai wa Inna abin da na samu, ita kuma ta yanke hukunci a taƙaice: ta tsakiyar tana gaggawa, turmin ba komai a cikinsa, wannan tafin na mai jin yunwa ne. Ban taɓa samun hira da mahaifiyata irin ta watannin nan ba, duk da rabinta da ƙwarya aka yi.

Wata Lahadi bayan la'asar na kai mata sabo. Ba kowa a gidan, ƙannena sun tafi suna. Na kunna sifikar, na ajiye waya a gefen tabarma tana ɗauka kamar kullum. Ta jawo ƙwaryar za ta yi gyara, sai hannunta ya tsaya a sama. Kafaɗar nan da ta ƙi ta fara motsi. Can na ji tana rera wani abu ƙasa-ƙasa, sannan ta buɗe murya. Waƙar daka ce da Ngizimanci, yaren gidan mahaifinta, ni kuma Ngizimancina na gaisuwa ne, amma na tsinci goyo, na tsinci barci, na gane mace ce take daka da jariri a baya tana lallashinsa. Idonta a rufe. A ƙarshen kowane baiti akwai wurin da ake kiran yaron, sai na ji ta kira shi. Sunana ne, na yanka, ta ja shi a hankali yadda ba wanda ya taɓa ja. Sau uku ta faɗa. Shekarata talatin da huɗu a lokacin, da gemuna, na zauna a tabarma ina saurare kamar yaro.

Sai ta buɗe ido ta gan ni. Ta ja mayafi ta rufe baki. Idonta ya sauka a kan wayar.

"Abin nan yana ɗauka?"

Na ce yana ɗauka.

"Goge."

Na ɗauki wayar na danna nan na danna can a gabanta, na ce, "Na goge, Inna." Ban goge ba. Wannan laifina ne, kuma duk abin da zan faɗa a kan taubashina ba zai rage shi ba. Amma wanda ya jira shekara talatin da huɗu ya ji abu sau ɗaya aka ce ya goge, ya zo ya gaya mini yadda shi zai yi.

Da a wayar na bar shi ma da sauƙi. Mako guda ina saurare ni kaɗai, sai kwaɗayin sana'a ya taso. Na ce bari in sa muryar a cikin zagayen, ta zama ita ke jan taɓaren, in ta ja numfashi su jira ta. Manhajar da za ta iya wannan kuwa tana shagon taubashina. Ranar Asabar na kai muryar can na haɗa, kuma wallahi ya yi, sai ka rantse a tsakar gida ɗaya suke. Na adana a foldata na ce gobe in dawo in kwashe. Kwamfutar ba tawa ba ce balle in kulle ta. Goben aka yi wa wani abokin aikina rasuwa, muka tafi ƙauye ta'aziyya. Na ba kura ajiyar nama, na ce sai Asabar mai zuwa.

Ranar Alhamis ina dawowa daga makaranta na tsaya sayen tumatir a bakin titi, sai ga keke napep da lasifika biyu a ɗaure a kansa, irin na masu tallar maganin gargajiya. Fiyano ne yake tashi da ganga mai tsalle irin ta biki, a ƙarƙashinsu na ji taɓarya. Na ce a raina wani ya riga ni. Ban gama tunanin ba na ji muryar Inna, an matse ta da abin gyaran muryar nan da ke sa kowa waƙa ta hanci, tana kiran sunana. Ta kira, ta kira, ta kira, ba numfashi a tsakani, an yanko wurin an jera shi. Sai kiɗan ya yi ƙasa, wani ƙato ya fara lissafa alamomin basir dalla-dalla, da mai tsiro da mai jini, sannan aka sake ɗago Inna ta ci gaba da kirana. Mai tumatir yana ta gyaɗa kai yana bin kiɗan. Na bar masa ledarsa na tafi.

Na sami taubashina a shago ya ɗora ƙafa a tebur yana cin gyaɗa. Tun ban yi magana ba ya fara dariya, ya ce ashe na ji. Wai mai maganin ne ya zo yana son jingil, wato waƙar talla, a yini ɗaya, shi kuma kansa ya toshe, sai ya leƙa foldar bawansa. Wai dakan nawa duk a karkace yake, ba ya bin bit ɗin ganga, awa biyu ya ɓata yana miƙe shi a kan layi. Wato wata biyun da na yi ina koya wa taɓaren nan sauraron juna, shi a awa biyu ya rushe, kuma jira yake in gode masa. Na tambaye shi ko ya san muryar wace ce.

"Muryar Goggo ai ba ta ɓuya," in ji shi. "Wurin sunan nan ne ya fi daɗi, shi ya sa na maimaita. Kwastoma har tafi ya yi."

"Ka san ba ta faɗin sunana."

"To ga shi ta faɗa, gari ya shaida. Kai da za ka ba ni tukwici. Bawa da kayansa ai duk na ubangidansa ne."

Ya sani, abin da ya fi ƙona ni ke nan. A gidanmu ya yi rabin yarintarsa, shi ne ma mai tsokanarta ta faɗi sunana ya ba ta goro, tana korarsa da muciya. Ya san nauyin abin sarai, shi ya sa ya ga ya isa abin dariya. Na fizge wayar wutar kwamfutar daga bango, na ɗaga kujerar roba, Allah ya taimake ni mai shagon kusa ya riƙe ni ta baya. Na gaya wa taubashin nawa maganganun da ban taɓa gaya wa mahaluƙi ba, shi kuwa yana kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa yana cewa bawa ya yi tawaye. Daga baya ya goge muryar a gabana, gogewa ta gaske, ba irin tawa ba. Amma magana zarar bunu ce. Keke uku mai maganin yake da su, kowanne da memorinsa.

Na sami mai maganin a gindin wata bishiyar maina kusa da tasha, dattijo mai fara'a a tsakiyar kwalabe. Na yi masa bayani tun daga farko, na ce zan haɗa masa wata tallar da hannuna. Ya ce ya tausaya, amma tun da ya fara sana'a bai taɓa samun wadda ta karɓu irin wannan ba, mata har tsayar da keken suke yi su ji. Ya ce ai albarka ce uwa ta kira sunan ɗanta. Da ya ga jijiyar wuyana ta tashi sai ya miƙo mini ƙullin gari, wai in dinga sha a kunu, yana sanyaya zuciya. Abin da na samu a wurinsa kawai alkawari ne, kekunansa ba za su shiga Dogo Tebo ba.

Na wuce wurin kawu, yayan Inna, ina zaton zai kira ɗansa ya ja masa kunne. Ya ji ni har ƙarshe yana jan carbi. Ya ce abin bai yi daɗi ba, amma tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ba a shiga, haka aka gada, wanda ya kai ƙarar abokin wasansa shi ya faɗi. Sannan ya dube ni ya tambaya wa ya kai muryar shagon. Na tashi na sa takalmina.

Kwana biyar na yi ina gadin unguwa. In na taso daga makaranta sai in zauna a bakin layinmu, duk keken da ya shigo gabana ya faɗi. Na yi niyyar in gaya mata da bakina kafin ta ji a wani wuri. Sau biyu ina kaiwa ƙofar ɗakinta, in gan ta tana harkokinta hankali kwance, sai in gaishe ta in juya. Har ta tambaye ni ina matan nan nawa masu daka a kwamfuta, kwana biyu ban kawo su ba. Na ce suna hutawa.

Safiyar Laraba na shiga gaishe ta kafin in wuce aiki. Tana bakin murhu tana dama koko. Durƙusawata ke da wuya na jiyo shi daga nesa, fiyano da ganga, yana matsowa. Ko direban sabo ne, ko alkawarin dattijon ne iyakarsa ke nan, ban sani ba har yau. Keken ya zo daidai bayan katangarmu ya tsaya, don akwai masu saye. Ya kashe inji ya bar lasifika.

Hannun Inna ya tsaya a kan ludayi. Ta gane taɓaren tun muryar ba ta zo ba, na gani a fuskarta. Sannan muryar ta zo. Muka zauna ni da ita, taku biyu tsakaninmu, tana jin kanta tana kiran sunana a gaban duk unguwa, ana katse ta da bayanin basir ana dawo da ita. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga tana dariya, tana tambaya ko ba muryar Inna ba ce wannan. Sau nawa tallar ta zagayo kafin keken ya tashi, ban iya ƙirgawa ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na sami sauƙi. Ta ci gaba da dama kokon har ya yi kauri, ta zuba a kofi ta turo gabana, idonta a kan murhu.

"Ka ce ka goge."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na buɗe baki zan ambaci taubashina, na ga ba shi da wurin zama a maganar, na rufe.

Wata uku ba ta je biki ba, ba ta je suna ba. Samari a majalisa in na wuce sai su ja sunana da muryar nan ta hanci. Tallar ta yi zamaninta ta mutu, mai maganin ya sake sabuwa. Da babbar sallah taubashina ya zo cikin shaddarsa ya durƙusa ya ce Goggo ta yafe masa. Ta ce ba komai, wasa ne ai, har ta ba shi soyayyen nama. Shi a zama ɗaya ta yafe masa, don shi bai ce mata ya goge ba. Ranar na fita daga gidan na bar abincina, don in na zauna zan yi abin da za a daɗe ana faɗa.

Na koma wa manhajar nan mai farin shafi. Wata biyar na yi, da zagi da komai, na sake gina taɓarya ukun a tsohuwar laftof ɗina, suna sauraron juna, ko ɗumi ba ta yi. Ashe tana iyawa tun farko, ni ne ban iya jira ba. Yanzu in wani mai sha'awa ya tambaye ni wace modula zai zaɓa, nakan ce ya ɗauki wadda za ta zauna a ɗakinsa ko da ta fi wahala, sai ya ga kamar ban gane tambayar ba. Sabon luguden yana nan. Ban kai mata ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ba ta taɓa kafa mini doka ba. Washegarin ranar keken ne na shiga na gaishe ta, sai ta dubi aljihun rigata ta amsa da ka. Na sake gaisuwa, ta sake duban aljihun. Na fita na zaro wayar na sa a cikin takalmina a bakin ƙofa na dawo, sannan ta ce lafiya lau, yaya aiki. Haka muke har yau. In cire takalmi, in cire waya, mu yi maganar tsadar gero da ciwon kafaɗa. Ƙanwata ta ce mini har yanzu takan yi waƙa in tana tankaɗe, wani lokaci ma da ɗan ƙarfi. Ni ban sani ba. Da ta ji sallamata a zaure take yin shiru.